Shafi na Arba'in da Biyu

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar da na shiga rajista, ɗakin ajiyar fayiloli, shi ne yatsan Madam Saratu. Yatsanta na tsakiya ya rine da jar tawada har gefen farce, kamar wadda aka fara yi wa lalle aka fasa. Tana zaune bayan wani tebur da fayiloli suka kusa rufe ta. Ta ɗauki takarda, ta huda kusurwarta, ta zura koriyar igiya, ta rubuta lamba a sama da jan biro, ta kife, ta ɗauki wata. Ni kuwa ina tsaye da takardar ɗaukata aiki a hannu, ina kallon gilashinta da furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, a raina ina cewa da a littafi ne, wannan ce gwaggon da za ta hana masoya sakat har shafin ƙarshe.

"Ke ce Hadiza?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Ni ce, Madam."

"Kin iya ƙirga?"

"Na yi difloma, Madam."

"Ban tambaye ki difloma ba. Daga ɗaya zuwa ɗari, ba tsallake, kin iya?"

Na ce na iya. Ta ce za mu gani.

Ofishinmu na hukumar da ke tsaron kan iyakokin ƙasa ne, reshen shiyya. Jami'an da ke tsaye a shingayen can arewa, inda ake duba takardun masu shiga da fita, duk tarihin aikinsu a ɗakinmu yake kwana. Mu ba ma sa kaki. Farar hula ne mu, ba wanda ke sara mana, ba mu taɓa tsayar da mota ba. Shi ya sa yaran da ake kawo mana yanzu, da wayoyinsu da saurin yatsunsu a kan kwamfuta, suke ganin aikin nan na wanda ya rasa abin yi ne. Wata ta taɓa ce mini, "Anti, wai dai jera takarda?" Na ce mata e, jera takarda ne. Amma a takardar nan akwai ranar da aka ɗauki mutum aiki, da ranar da aka tura shi inda ba ruwa ba wuta, da sunan wadda za a nema in ya faɗi a bakin aiki. Ki jera ta ba daidai ba, ki ga yadda magidanci ke zama a benci yana kallon ƙasa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai abin huda takarda, da koriyar igiya mai ƙarfe a bakinta biyu, da hatimin karɓa mai kwanan wata, da babban littafin da ake rubuta duk wasiƙar da ta shigo. Akwai tafireta guda biyu, ɗaya harafinta na farko ya karye, sai an bi da biro an cike. Akwai kabad-kabad na ƙarfe goma sha ɗaya, makullansu a zare ɗaya a wuyan Madam, ƙarƙashin riga. Sai kati mai ruwan ƙasa da muke kira katin fita: duk fayil ɗin da ya bar gurbinsa, sai an sa kati a wurin, an rubuta wa ya ɗauka, yaushe, zuwa wane tebur. Ko shugaban ofis ne ya aiko, sai an rubuta.

Sai jan biro. Shi ne uban tafiya. Duk takardar da ta shiga fayil sai ta samu lamba a kusurwar dama ta sama, ta bi bayan 'yar'uwarta. Kuma kafin fayil ya fita daga ɗakin nan, Madam sai ta ƙirga shafukansa ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa, leɓenta na motsi. In ya dawo ta sake ƙirgawa. Manya suna gunaguni, suna cewa matar nan ta fiye jan lokaci. Ita kuwa ko a jikinta. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta zo Kano tana budurwa, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Wata uku na yi ina huda takarda kawai kafin ta miƙa mini jan biro. Ranar da ta ba ni, sai da na je har gida Gyaɗi-Gyaɗi da shi a jaka, na nuna wa Innarmu kamar an kawo mini zobe.

Masu zuwa wurinmu kuwa kala-kala ne. Akwai wanda zai shigo da ƙamshin turare, takalminsa na sheƙi, yana neman a gaggauta masa takardar ƙarin girma. Akwai wanda ya kwana biyu a mota daga bakin iyaka, fuskarsa ta ƙone da rana, leɓensa ya tsage, ya tsaya a taga ya ce, "Madam, don Allah a duba mini ko sunana ya fito a canjin wuri." Waɗannan Madam takan ba su ruwan sanyi daga tulunta kafin ta buɗe kabad. Takan san lambar aikin mutum kafin ta tuna sunansa. Tana cewa Musa Ibrahim sun fi ashirin a kabad ɗin nan, amma lamba ba ta da takwara.

Ni a lokacin ba abin da na fi so kamar littattafan soyayya. Akwai rumfar Malam Habu mai hayar littafi a bakin layinmu, wajen titin gidan zoo, kuma ba satin da ba na ɗaukar biyu ko uku. Ina ɓoye ɗaya a aljihun tebur, in Madam ta tafi wurin taro in zaro. Da tafiya ta yi nisa sai na gano cewa fayil ma littafi ne. Shafin farko saurayi ne da hotonsa, kunnuwa a waje, hula ta yi masa yawa. Can gaba ka ga ya sauya sunan magajinsa daga na mahaifi zuwa na wata Zainab, ka san an yi aure. Can kuma takardar haihuwa. Na riƙa karanta rayuwar mutanen da ban taɓa gani ba, ina ƙirƙira musu murya da tafiya.

Wata Laraba da damina aka kawo mini wasiƙu daga teburin shugaba in shigar. A ciki akwai ta wani ƙaramin jami'i, Isa Ɗanladi, da ke wani shinge can bakin iyakar Nijar. Neman hutu yake, matarsa na gab da haihuwa, kuma cikin biyu da suka wuce ba su zo da rai ba. Ya fara da Turanci kamar yadda aka saba, layi uku, sai Turancin ya ƙare masa, ya ci gaba da Hausa. Har yau ina iya kawo abin da ya rubuta:

"Yallaɓai, wata tara ke nan ina tsaye a nan ina duba takardun mutanen da ke komawa wurin iyalinsu, ina ɗaga musu sanda su wuce. Ina roƙo ni ma a ɗaga mini sau ɗaya. Maryam ba ta da kowa a garin nan sai ni, ni kuma ba na nan."

A kusurwar wasiƙar shugaba ya rubuta da koren biro cewa ya amince, kwana ashirin da ɗaya, ya sa hannu. Haka ake yi a lokacin. Ba a buga wata takardar daban, a kan wasiƙar mai roƙo ake ba da izini, sai a kira shingen ta wayar oba-oba a shaida masa. Na huda, na zura igiya, na rubuta arba'in da biyu da jan biro. Na sa wata takardar asibiti a bayanta, arba'in da uku. Sannan na koma na sake karantawa. Duk littattafan Malam Habu ban taɓa gamuwa da namijin da ya faɗi magana irin wannan ba.

Sai na kwance igiyar na zare ta. Nufina in kwafe ta a littafina in mayar kafin a tashi. Na rubuta layi biyu ke nan na ji takun Madam a baranda, na ninke wasiƙar na cusa a tsakiyar littafin hayar da ke cinyata, na rufe fayil na mayar kabad. Na ce gobe da safe. Kafin goben, ƙanwata ta ɗauki littafin a ɗaki ta mayar wa Malam Habu. Da na je, an riga an ɗauka. Na tsaya a bakin rumfar na ce wa kaina ai ba komai, an ba shi hutun, ya tafi, takarda ta gama aikinta.

Duk wanda zai yi aikin nan ya riƙe wannan: takarda ba ta gama aiki. Tana kwance ne kawai tana jiran ranar da za a neme ta.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekararmu. Aka aiko daga sama a tantance kowane ma'aikaci, saboda an ce akwai sunayen da ba masu su. Aka zo da kwamiti, aka kwaso littattafan halartar aiki na kowane shinge. Muna zuwa da sassafe, muna tashi bayan la'asar, hannunmu duk yankan takarda. Rufin rajista ya fara yoyo, muka riƙa rufe kabad da leda. A cikin wannan hali aka gano cewa Isa Ɗanladi ya yi sati uku ba ya bakin aiki. Ya ce izini aka ba shi. Shugaban da ya sa hannu Allah ya yi masa rasuwa, shugaban shingen na lokacin an mai da shi kudu, kuma kwamiti ba ya aiki da "na tuna". Barin shingen kan iyaka ba izini hukuncinsa kora ne. Aka kira shi Kano, aka ce kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis, aka aiko ranar Litinin a kai fayil ɗinsa.

Ina zaune ina kallo Madam ta zaro shi, ta sa kati a gurbinsa, ta lashi yatsa ta fara. Leɓenta na motsi. Talatin da tara. Arba'in. Arba'in da ɗaya. Ta tsaya. Ta koma baya, ta sake. Ta cire gilashi ta goge, ta sake. Sannan ta rufe fayil ɗin, ta mayar da shi kabad, ta kulle.

Ba a jima ba mai kula da sashen mulki, Oga Lawal, ya shigo da kansa.

"Madam, kwamiti na jiran fayil ɗin yaron nan."

"Ba zai fita ba, yallaɓai. Da giɓi. Daga arba'in da ɗaya sai arba'in da uku."

"To su ga giɓin mana. Aikinsu ne."

"In suka buɗe ba su ga izini ba, za su ce babu. Ba za su duba lamba ba, ni ce mai duba lamba. Littafin shiga ya nuna wasiƙarsa ta zo. A ba ni zuwa Alhamis."

"Madam, umarni nake ba ki."

"Na ji, yallaɓai. A rubuto mini."

Aka rubuto mata kuwa. Kafin azahar takardar tuhuma ta iso teburinta, a kan ƙin bin umarni. Shekara ashirin da wani abu tana aiki, fayil ɗinta fes, kuma a shekarar take sa ran ƙarin girmanta na ƙarshe. Ta karanta, ta sa hannu ta karɓa, ta ci gaba da aikinta.

Na fita zan yi alwala, sai na gan shi a benci. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi ne. A raina na zana shi dogo, mai faɗin ƙirji. Sai ga ɗan gajeren mutum mai sanƙo, kakinsa ya koɗe, hularsa a kan gwiwa yana ta murza bakinta. Ya miƙe ya gaishe ni kamar wata babba. Ya ce, "Hajiya, ko an ga takardar?" Na wuce shi da sauri.

Da na dawo na rufe ƙofa, na durƙusa gefen teburin Madam na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe. Na jira zagi, na jira mari ma. Sai ta ce, "Tashi, ƙasan nan da danshi. Ina rumfar take?"

Bayan an tashi muka hau adaidaita sahu zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Malam Habu ya ga littafin a jere, ya zaro, muka zazzage shi shafi-shafi. Ba komai. Bangonsa ma ya tsufa, an liƙe shi da gam.

"Ai littafin nan ya shiga gida ya fi talatin, Hadiza," in ji shi. "Wa zan ce?"

Madam ta ce ya yi tunani. Ya sosa gemu, sai ya fara dariya. Ya ce bara akwai wata mata a Unguwar Gano da ta dame shi da aike, wai a ba ta ci gaban wasiƙar da ke cikin littafin. Ya ce mata shi littafi yake bayarwa, ba ya hayar wasiƙa. Sunanta ya ɓace masa, sai dai ya san mijinta direban tirela ne.

Yammacin Talata gaba ɗaya a Unguwar Gano muka yi shi bayan aiki. Gidajen direbobin tirela uku muka shiga, muna sallama, ana shimfiɗa mana tabarma, ana kallon Madam da gilashinta ana zaton allurar rigakafi muka kawo. Ranar Laraba da yamma wata mai kitso ta ce mu gwada gidan Jummai, ita ce ba ta rabuwa da littafi ko tana tuƙa tuwo.

Jummai ta tsaya da muciya a hannu tana jin bayaninmu. Da Madam ta ambaci sanda da shinge, sai ta ajiye muciyar.

"Wai mutumin gaske ne? Ni na ɗauka marubuciyar ce ta sa a ciki."

"Na gaske ne," in ji Madam. "Yana nan zaune a benci. Gobe za a kore shi in ba a ga takardar nan ba."

"To Maryam fa? Ta sauka lafiya?"

Madam ta dube ni, don ta san na karance fayil ɗin. Na ce ta sauka, mace, tana raye. Shafi na arba'in da biyar.

"Alhamdu lillahi. Shekara guda abin nan na raina." Ta shiga ɗaki, muka ji tana buɗe kwalla. Ta fito da wasiƙar a cikin leda, ninkinta ya yi laushi, gefe ɗaya da ɗigon manja. "Duk dawowar maigidan nan sai na karanta masa. In ce ka ji yadda maza ke magana, kai in ka kira sai ka ce me aka dafa. Ku dakata in kwafa, sannan ku ɗauka."

Madam ta karɓa ta duba kusurwa. Jan rubutuna na nan, arba'in da biyu. Koren rubutun marigayi na nan da sa hannunsa. Ta miƙa wa Jummai, ta zauna a kan turmi ta jira har matar ta gama kwafewa, harafi-harafi.

Alhamis da safe Madam ta ba ni makulli ta ce in mayar da ita da hannuna. Na kwance igiya, na sa ta tsakanin 'yan'uwanta. Madam ta ƙirga daga ɗaya har ƙarshe, ta rubuta a katin fita, ta ɗauki fayil ɗin ta kai da kanta. Zaman kwamitin bai yi rabin awa ba. Isa ya fito ya tsaya a tagarmu, ya sa hularsa, ya ƙame ya sara wa Madam, ita da ba ta da ko igiya ɗaya a kafaɗa. Ta ce ya wuce kar mota ta bar shi, ya gaida mai jego. Bai taɓa sanin inda wasiƙarsa ta yi yawo ba.

Amsar da Madam ta ba takardar tuhumarta layi biyu ce: shafi ya ɓace a rajistar da take riƙe da ita, kuma ita ce da alhakin duk abin da ya faru a ɗakin. Na roƙe ta ta sa sunana. Ta ce wanda ya ba da jan biro shi ke amsawa. Aka ba ta gargaɗi a rubuce, ƙarin girman ya wuce ta, kuma da matakin da take ta yi ritaya. Takardar gargaɗin da ta zo, ita ta huda ta, ta sa a fayil ɗinta, ta ba ta lamba. Ni kuma hukuncina ta karɓe biron, ta ce in ƙirga kowane shafi na kowane fayil a kabad goma sha ɗayan nan. Wata bakwai na yi. Na samo giɓi goma sha huɗu da ba ni na yi su ba, muka bi su ɗaya-ɗaya. Ranar da na rufe kabad na ƙarshe na tarar da biron a kan teburina.

Yanzu makullan a wuyana suke. An kawo kwamfutoci, ana ɗaukar hoton takardu ana adanawa, kuma ban ƙi ba, yana rage wahala. Amma na'urar abin da aka sa mata take ɗauka, ba ta san abin da ba a sa ba. Shi ya sa har yau kafin fayil ya je wurin hoto sai na lashi yatsa, yaran suna ƙyafta wa juna ido.

Madam tana nan unguwar Babban Giji, gidan 'yarta. Ciwon suga ya taɓa idonta, yanzu sai dai ta gane haske da duhu. Ranar Asabar nakan je da yamma. Matar da ta yi shekaru tana ce wa littattafaina "shirmen nan naki", ita ce yanzu ke tambaya tun daga ƙofa ko na zo da wani. Tana son tsofaffin nan na rumfar Malam Habu. Sharaɗinta ɗaya: duk shafin da na juya sai na faɗi lambarsa.

Makon jiya muna tsakiyar wani, jarumin ya zo tasha yana neman yarinyar. Na juya na ce, "Sittin da bakwai," na ci gaba. Ta ɗaga hannu.

"Sittin da huɗu kika gama."

"An yage takarda ɗaya, Mama. Ba komai a ciki, ai kin ga sun haɗu."

"Wa ya gaya miki ba komai a ciki? Kin karanta?"

Na ce a'a. Ta laluba ta rufe littafin a kan cinyata, ta bar yatsanta a kai. Jar tawadar ta daɗe da fita.

"A nemo," ta ce. "Zan jira."